Suman Da Ban Yi Ba

Kwana uku da saukata Ingila aka kira mu ɗakin likita. Mu goma sha ɗaya ne baƙi a kwas ɗin, daga ƙasashe daban-daban, muna jere a kan wani dogon benci kamar mata a wurin awo. Ni malamin gona ne a ofishin Karaye, haifaffen Jajaye ta ƙasar Rogo. Zamanin soja ne. An sayo taraktoci an rarraba, namu guda biyu suka yi damina ɗaya suka tsaya cak a bayan ofis, kaji suna yin ƙwai a ƙarƙashinsu, saboda ba wanda ya san cikinsu. Shi ya sa aka turo ni wata makarantar aikin gona a arewacin Ingila, wata tara, in koyi tuƙa tarakta da gyaranta. Abin da ya raba ni da gida ke nan.

Likitan dogo ne mai jan hanci. Ba ma'aikacin makarantar ba ne, daga cikin gari aka ɗauko shi don ya duba mu a yini ɗaya. Tun da na shiga har na fita bai kalle ni sau biyu ba. Ya auna numfashina, ya leƙa idona, sannan ya ɗauki biro ya fara jero tambayoyi yana duban agogo. Tarin fuka? A'a. Ciwon suga? A'a. Sai ya ce:

"Have you ever passed out?"

Nan na gyara zama. A Turancin da aka koya mana a Kano, wanda muke ji a rediyo, muke rubutawa a takardar neman aiki, in an ce mutum ya yi pass out, to ya gama makaranta ne, an yi biki an miƙa masa takardar shaida. Soja haka, ɗan sanda haka. Na ce a raina, yauwa, an zo wurin da za a san ba daga daji aka kamo ni ba.

"Yes, sir. Twice," na ce masa, wato sau biyu. Makarantar koyon sana'a da makarantar aikin gona nake nufi.

Biron ya tsaya. Ya ce yaushe ne na ƙarshe? Na ce shekara uku ke nan. Ya ce a ina? Na ce a fili, a gaban jama'a, ranar ana zabga rana, mun daɗe a tsaye. Ya rubuta. Ya ce akwai wani a gidanmu da ya taɓa yi? Na ce yayana ya yi sau ɗaya, ƙanena kuma muna sa rai bana in Allah ya yarda. Ya rubuta, ya turo mini takardar na sa hannu, ya ce na gaba ya shigo.

A bakin likitan nan, pass out suma ce. Ni ban sani ba, kuma har aka yi wata huɗu ba wanda ya gaya mini.

Ranar Litinin aka kai mu filin koyon tuƙi. Taraktoci goma ne a jere, ja da shuɗi, an wanke su suna ƙyalli. Na riga na zaɓi tawa da ido. Shugaban kwas ɗin, Mista Dawson, wani siriri mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana lallashin jinjiri, ya kira sunaye goma, kowa ya karɓi mukulli. Ni ya ja ni gefe.

"Mista Isyaku, kai ba za ka hau ba."

"Yau, ko yaushe?"

"Har sai likita ya ce wani abu dabam. Ba tuƙi, ba tsayawa kusa da injin da yake aiki."

"Me likita ya gani a jikina?"

"Wannan sirri ne tsakaninka da shi. Ni ba ni da ikon faɗa."

"To ina likitan?"

"Ka rubuta masa takarda, sakatariya za ta aika."

Yana faɗa yana murmushi. Murmushin nan na Mista Dawson, har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Na rubuta takarda uku, ba amsa ko ɗaya. Sakatariya ta ce likita yana hutu, daga baya ta ce ya dawo amma aiki ya yi masa yawa, daga baya ta daina ɗaga kai in na shigo.

Don kada in zauna haka, sai suka ce in riƙa zuwa wurin dabbobi a lokacin da 'yan'uwana suke fili. Ranar farko wurin aladu aka nuna mini. Na ce wallahi ko za a mayar da ni Kano a ƙafa ba zan shiga ba. Aka yi ta 'yan shawarwari, aka mayar da ni garken shanu, aka ba ni shebur da tiyo da takalmin roba. Ni da na tashi cikin shanu, wanda Fulanin bayan garinmu suke kira in saniya ta kasa haihuwa, ni aka tsallako da ni teku in kwashe kashin shanu. Ina kwasa ina jiyo ƙarar taraktoci daga bayan shinge. Da azahar sauran su dawo hannuwansu duk baƙin mai, suna gardamar giyar tarakta da garma, ni ina warin garke.

Sanyi ya shigo. Rana ta koma fitowa kamar mai jin kunya, ta leƙo ta koma. Abinci kullum dafaffen dankali da wani ganye mai lami. Na samo garin alkama mai tsaki-tsaki a shagon wani Bapakistane ina tuƙa abin da nake kira tuwo, in ci shi da miyar gwangwani, in rufe ido in ce kuka ce. Abin da na fi kewa shi ne gaisuwa. A Jajaye kafin ka isa masallaci ka gaisa da mutum ashirin, an tambaye ka gida da gajiya da shanu. A can mutum zai wuce ka a lungu, kafaɗarku ta gogi juna, ya ɗaga gira kawai.

Mutum ɗaya ne yake tsayawa. Tsoho Tom, bakaniken garejin makarantar, gajere mai farin gashi, yatsunsa biyu na hagu injin ya cinye tun yana saurayi. Shi ya gan ni wata rana ina leƙen gareji ta taga, ya yafito ni.

"An ce kada ka tsaya kusa da injin da yake aiki," in ji shi. "Wannan ba ya aiki. Shekara biyu rabonsa da tashi. Ga sifana, kwance shi."

Daga ranar, duk lokacin cin abincin rana a garejin Tom nake yinsa. Ya raba shayinsa biyu, ya zauna a kan durom yana kallo ina kwance injin ina ɗaurawa. In na yi kuskure ba ya magana, sai ya yi tari. Bai taɓa tambayata me ya sa aka hana ni tuƙi ba, don shi ma an gaya masa sirri ne. Abin da na sani na cikin tarakta, a kan matacciyar nan na koye shi.

A wata na huɗu wasiƙar matata Hajara ta iso. Ta yi firamare, da hannunta take rubutu. Bayan gaisuwa da labarin gyaɗa da 'yarmu Amina da ta fara tafiya, sai ta ce:

"Malam, akwai maganar da ta cika gari, ban so in rubuta ba amma ta fi ƙarfina. An ce takarda ta zo ofishinku na Kano daga Ingila, wai likitan Turawa ya gano kana da farfaɗiya, wai ka faɗi sau biyu, kuma wai abin na gida ne. Masinjan ofis ne ya kawo maganar kasuwar Rogo. Babana ya zo har gida ya tambayi Inna ko an ɓoye masa wani abu lokacin aurenmu. Inna ta yi kuka. Matan maƙwabta sun hana 'ya'yansu wasa da Amina. Ni na san ban taɓa ganin ka faɗi ba. Don Allah ka rubuto ka gaya mini gaskiya."

Na karanta a tsaye a bakin garke, na sake karantawa. Farfaɗiya! Ni da ko zazzaɓi sai in shekara ban yi ba. Kuma abin da aka ce sirri ne, aka hana ni ji, ni mai jikin, ashe an zuba shi a ambulan an aika wa waɗanda suka biya kuɗin kwas, akawu ya karanta, masinja ya ji, mai tsire a kasuwar Rogo ya ji. Ni kaɗai ne ban ji ba.

Ko takalmin roba ban cire ba na faɗa ofishin Mista Dawson, na tattaka masa kafet da kashin shanu, kuma ban yi nadama ba.

"Wa ya ce ina faɗuwa?"

"Ka kwantar da hankalinka, Mista Isyaku."

"Wa ya ce?"

"Kai ka gaya wa likita da bakinka. Ka sa hannu."

"Ƙarya ne! Ban taɓa faɗa ba."

Ya haɗa yatsunsa, ya ce ya fahimci cewa a wasu ƙasashe ana jin kunyar irin wannan ciwo, amma a nan ba abin kunya ba ne. Wato ni ne ma maƙaryacin. Na fita. Kwana biyar ina juya ganawata da likitan nan a kaina, tambaya bayan tambaya, ban ga inda na ce na faɗi ba.

A rana ta shida ina garejin Tom sai ga wani ɗalibi Bature, ƙato mai suna Kolin, ya shigo neman wasa wuƙar garma. Ƙarfen ya zame ya tsaga masa tafin hannu. Ya dubi jinin, fuskarsa ta yi fari fat, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a ƙasa kamar buhun dawa. Tom ya diro daga kan durom yana ƙwala wa na waje kira:

"He's passed out! A kawo ruwa!"

Na tsaya da sifana a hannu. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, wane irin pass out, saura wata biyar a gama kwas? Sai na dubi Kolin a shimfiɗe, idonsa a juye. Nan take tambayar likitan nan ta faɗo mini a rai.

Da aka fita da shi na kama hannun Tom.

"Me ka ce ya yi?"

"Passed out. Ya suma. Jini ne ba ya son gani."

"Pass out suma ce?"

"To da mece ce? In zafi ya yi wa mutum yawa ya faɗi, he passed out. In ya sha giya ya wuce kima ya zube, he passed out. Matata ma ta yi a coci ranar aurenmu."

Na zauna a ƙasa, a kan baƙin mai, na ba shi labarin likita tun daga farko. Tom ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta. Sannan ya ce:

"Ka san wani abu? Ba ka yi kuskure ba. Ni ma na yi passing out a soja, da fareti da ganga. Mu muka kai muku kalmar. Sai dai a nan, in ba a bariki ba, ba mai faɗarta haka." Ya ɗan taɓa kafaɗata. "Ka gode wa Allah ba passed away ka ce ka yi sau biyu ba. Wannan mutuwa ce. Da yanzu sun aika wa matarka ta'aziyya."

Ban yi dariya ba ranar. Sai bayan shekaru.

Na wuce laburare na ɗauko ƙamus ɗinsu mafi girma, wanda sai da hannu biyu ake ɗagawa. Ga shi nan baƙi a kan fari, ma'ana biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya: suma, da kammala horo. Ba mu muka ƙirƙiro ba. Malaman da suka koya wa malamanmu daga ƙasar nan suka zo.

Tom ne ya san inda likitan yake da ɗakin duba marasa lafiya a cikin gari, shi ya kai ni a tsohuwar motarsa ranar Asabar. Na shiga da ƙamus a hammata, na dire shi a kan tebur, na buɗe, na ɗora yatsa. Likitan ya karanta, ya kalle ni, karo na farko da ya kalle ni sosai, sai ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Ya ce wannan labari sai ya ba abokansa.

"Likita," na ce, "da ka ce faint da na gane, an koya mana ita tun a aji uku. Kuma na ce maka muna sa rai ƙanena zai yi bana. Wane mahaukaci ne yake sa ran ƙanensa ya suma? Ko wannan bai sa ka ɗaga kai ba?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce mutum goma sha ɗaya ya duba a ranar.

"Ni kuma 'ya ɗaya gare ni, an hana yara wasa da ita."

Ya ce abin takaici ne. Bai ce ya yi kuskure ba. Na ce to ya yaga takardar ya rubuta wata. Ya ce ba a yin haka. Abin da ya riga ya shiga fayil ba ya fita sai babban asibiti ya gwada ƙwaƙwalwata ya tabbatar lafiya lau take, kuma akwai layi. Minti biyar ya ɗauka ya ɗora mini ciwo, amma sauke shi sai da na jira wata uku.

Na rubuta wa Hajara shafi huɗu ina bayani. Na koma garke da shebur. Ranar gwaji aka manna mini wayoyi a ka kamar rediyon da ake gyara, aka yi ta haska mini fitila a ido ana jira in faɗi. Ban faɗi ba. Sakamako ya fito saura mako shida a rufe kwas.

Ranar da na hau tarakta, Mista Dawson da kansa ya miƙo mini mukulli, da murmushinsa, ya ce yana murna komai ya warware. Na ja layin huɗa na farko ya karkace, na biyu ya miƙe. Tom yana tsaye a bakin shinge, ya cire hularsa ya ɗaga. Mako shida na yi ina fita fili kafin kowa, ina dawowa bayan kowa. Duk da haka da aka zo raba takardu, sauran goma aka ba su ta ƙwarewa, ni aka ba ni ta halarta, wai awannin tuƙina ba su cika ba. Na tambayi Mista Dawson wa ya hana su cika. Ya ce ƙa'ida ce. Na ce to aƙalla a rubuta wa Kano a janye maganar farko. Ya ba ni takarda mai layi uku, wadda ta ce bayan ƙarin bincike an ga zan iya tuƙi. Ba ta ce ban taɓa suma ba. Ba ta ce a yi haƙuri ba.

Na iso Jajaye an yi ruwan shuka. Washegari bayan azahar aka fito da abinci zauren gidanmu, 'yan'uwa da maƙwabta sun taru yi mini barka da zuwa. Surukina Malam Habu, mahaifin Hajara, yana zaune a kan buzu daga gefe, carbi a hannu. Aka ajiye babban akushi a tsakiya kamar kullum. Sannan aka ajiye wani ƙaramin kwano a gabana, da moɗar ruwa tawa ni kaɗai. A garinmu an yarda farfaɗiya tana bin yawu.

Na dubi kwanon. A zauren nan aka yi mini kaciya, a akushin nan na koyi cin tuwo.

Na zaro takardar Mista Dawson, na tuna ba mai karanta Turanci a wurin sai ni. Na mayar da ita aljihu na yi bayani da baki. Na ce Turawa kalma ɗaya suke faɗa wa wanda ya gama makaranta da wanda ya suma, likita ya tambaye ni ɗaya na amsa ɗaya. Kawuna ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ake yi wa marar lafiya, ya ce:

"Allah ya ƙara sauƙi, Isyaku. Ci abincinka."

Na ji kamar in yi jifa da kwanon. Na ɗauki moɗar na kurɓi ruwa don in danne abin da ya taso mini.

"Isyaku," in ji Malam Habu. Tun da na dawo bai ce mini komai ba bayan gaisuwa.

"Na'am, Baba."

"Takardar da ka rubuto wa Hajara, sau uku na sa ta karanta mini. Ban gane Turancin ba. Amma mutumin da yake ɓoye ciwo ba ya cika shafi huɗu da faɗa." Ya miƙo hannu. "Ba ni ruwan nan."

"Baba, na sha."

"Na ga ka sha. Miƙo."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kafa kai ya shanye, ya goge gemunsa, ya jawo buzunsa har gabana, ya yi bismilla ya sa hannu a ƙaramin kwanon. Ba wanda ya matso. Mu biyu muka cinye tuwon nan tas.